Haƙuri Da Natsuwar Zuciya Ga Wanda Aka Zalunta Kuma Sakayya Ta Yi Jinkiri

TAMBAYA

Shekara uku ke nan abokin kasuwancina ya cinye mini jarina, sannan ya riga ni zuwa wurin mutane, ya ce ni ne na ci amanarsa. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, don yarda ce kawai a tsakaninmu. Yau shi sai bunƙasa yake yi, ni kuwa bashi ya yi mini katutu, waɗanda muke gaisawa da su da can sun juya mini baya. Na yi addu'a har na gaji, barci ya ƙaurace mini. Kowa sai ya ce in yi haƙuri. Mene ne haƙurin da shari'a take nufi? Kuma yaya zan sami natsuwa alhali ban ga Allah Ya saka mini ba?

AMSA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa, Allah Ya yaye maka abin da ya dame ka, Ya biya maka bashinka, Ya wanke sunanka. Wannan amsa taka ce, kuma ta duk wanda yake cikin irin halinka ce, namiji ko mace: wanda aka cinye wa gado, da wadda aka yi wa ƙazafi, da wanda aka kora daga aiki ba da laifinsa ba.

Amsar a taƙaice ita ce: zuciyarka ta ƙi hutawa ne domin ka ɗaura hutunta a kan ganin sakayya da idonka, a lokacin da kai ka zaɓa. Wannan kuwa ba a hannunka yake ba. Abin da Allah Ya lamunce maka shi ne haƙƙinka ba zai salwanta ba. Bai lamunce maka rana ko wata ba. Idan ka sakankance da lamunin, ka ci gaba da neman haƙƙinka ta hanyar da shari'a ta halatta, ka bar wa Allah lokacin, to za ka iya barci tun kafin a yanke hukunci.

Abin da ake nufi da haƙuri

Kalmar da Alƙur'ani ya yi amfani da ita, sabr, asalinta a Larabci tsarewa ce da riƙewa. Malamai sun ce abu uku ake tsarewa: zuciya daga yin fushi da hukuncin Allah, harshe daga faɗin abin da bai yarda da shi ba, gaɓoɓi daga aikata haramun kamar marin fuska da yaga tufafi da ramuwar da ta wuce iyaka. Sun kuma kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, haƙuri a kan barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara mai ɗaci. Wanda aka zalunta yana bukatar ukun a lokaci guda, domin zalunci yana sa kasala a ibada, yana zuga mutum ya rama da ƙarya, yana kuma jawo munana zato ga Ubangiji.

Ka lura, a cikin abubuwan nan da ake tsarewa babu hawaye, babu baƙin ciki. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne wanda ya ɗauki alkawarin kyakkyawan haƙuri a Suratu Yusuf, aya ta 18 da ta 83, kuma shi ne wanda aya ta 84 ta ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Da 'ya'yansa suka zarge shi da yawan ambaton Yusuf, sai ya sanar da su cewa Allah kaɗai yake kai wa kukansa. Haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake gargarar mutuwa, ya bayyana cewa zubar hawaye da ɓacin zuciya rahama ce, muddin harshe bai faɗi abin da zai fusata Ubangiji ba. Bukhari ya ruwaito wannan daga Anas ɗan Malik.

Saboda haka raɗaɗin da kake ji bai fitar da kai daga cikin masu haƙuri ba. Abin da ake tsoro a gare ka shi ne raɗaɗin ya kai ka ga tuhumar adalcin Allah.

Ƙissar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda

Ba mu san wani misali da ya fi dacewa da halin wanda aka ɓata wa suna kuma ba shi da shaida kamar ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito ta da tsawo daga bakinta.

Abin ya faru a hanyar dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ, a shekara ta 5 ko ta 6 bayan hijira, bisa saɓanin malaman sira. Runduna ta yada zango kusa da Madina. A'isha ta fita biyan bukata da dare, da ta dawo sai ta ga sarƙar wuyanta ta tsinke, ta koma nema. Masu ɗora darbukarta a kan raƙumi suka ɗora ta suna zaton tana ciki, domin ba ta da nauyin jiki, aka tashi aka bar ta. Ta zauna a inda take, tana sa ran za a dawo nemanta, har barci ya ɗauke ta. Safwanu ɗan Mu'aɗɗal, wanda yake tafe a bayan runduna, ya iso wurin da safe. Ya gane ta, don ya taɓa ganinta kafin a saukar da hijabi. Ba ta ji wata kalma daga bakinsa ba in ban da istirja'in da ya yi. Ya durƙusar da raƙumarsa, ta hau, ya ja akala har suka riski runduna da tsakar rana.

A kan wannan ne shugaban munafukai, Abdullahi ɗan Ubayyu ɗan Salul, ya ƙulla ƙarya, wasu daga cikin muminai kuma suka ɗauka suka maimaita.

Da aka shiga Madina ta kwanta rashin lafiya wata guda, ba ta san abin da ake faɗa ba. Abin da kawai ya tsaya mata a rai shi ne ba ta ganin tausasawar da ta saba gani daga Annabi idan ba ta da lafiya. Daga baya mahaifiyar Misɗahu ce ta sanar da ita, wata rana da suka fita tare da dare. Ciwonta ya ƙaru. Ta nemi izini ta koma gidan iyayenta. Ta faɗa da bakinta cewa ta yi dare biyu da yini ɗaya tana kuka, hawaye bai tsaya ba, barci bai zo ba, har ta yi zaton kukan zai tsaga mata hanta. Wata mata daga cikin Ansar ta nemi izinin shigowa, ta zauna tana taya ta kuka.

A wannan tsakani Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi shawara da Aliyu ɗan Abu Ɗalib da Usama ɗan Zaidu, ya kuma tambayi Barira, wadda ta ce ba ta san wani aibi tattare da ita ba sai ƙuruciya, takan yi barci ta bar kwaɓin gari har dabbar gida ta zo ta cinye. Ya hau mimbari ya yi magana, Ausu da Khazraju suka kusa faɗa a cikin masallaci. Duk da haka wata guda cur wahayi bai sauka a kan lamarin ba.

Sa'an nan ya zo ya zauna a wurinta, ya gaya mata cewa idan ba ta da laifi Allah zai wanke ta, idan kuwa ta yi wani kuskure to ta nemi gafara ta tuba. Ta ce a nan hawayenta ya ƙafe ƙaf. Ta nemi mahaifinta Abubakar ya amsa mata, ya ce bai san abin da zai ce ba. Ta nemi mahaifiyarta Ummu Ruman, ita ma haka. Sai ta yi magana da kanta, ta nuna musu cewa idan ta ce ba ta yi ba, ba za su gaskata ta ba, idan kuma ta amsa abin da Allah Ya san ba ta yi ba, za su gaskata. Ba ta ga abin da ya rage mata ba sai maganar mahaifin Yusuf, ta kyakkyawan haƙuri da neman taimakon Allah. A wata ruwaya ta ce ta laluba sunan Yaƙubu a ranta ta kasa tunawa. Daga nan ta juya ta kwanta a kan shimfiɗarta.

Ta ce ta san Allah zai wanke ta, amma iyakar abin da take fata shi ne Annabi ya ga mafarki. Ba ta ɗauki kanta ta kai a saukar da Alƙur'ani a kanta ba. Kafin ya tashi daga wurin zamansa wahayi ya sauko, gumi yana zuba daga gare shi a ranar sanyi. Da aka yaye masa, yana murmushi, farkon abin da ya yi shi ne yi mata bushara. Ayoyi 10 ne na Suratun Nur, daga ta 11 zuwa ta 20, kuma ana karanta su a masallatai har yau.

Abin da za ka ɗauka daga wannan ƙissa

Na farko, jinkiri ba alamar Allah Ya yi watsi da kai ba ne. Wannan matar Annabi ce, 'yar Siddiƙu, a gidan da Jibrilu yake sauka. Allah Yana da ikon wanke ta tun ranar farko, amma Ya bar ta wata guda. Aya ta 11 ta ma hana muminai ɗaukar abin a matsayin sharri gare su, ta sanar da su cewa alheri ne. A cikin wannan watan ne aka gane munafuki, aka gane mai saurin ɗaukar jita-jita, aka kuma gane irin Zainabu bint Jahash, kishiyar da take gogayya da A'isha, wadda da aka tambaye ta sai ta kare jinta da ganinta, ba ta faɗi komai ba sai alheri.

Na biyu, ka duba lokacin da ta kwanta. Ta juya ta kwanta ne kafin wahayi ya sauka, bayan ta faɗi gaskiyarta sau ɗaya, ta ga babu wani mahaluƙi da zai iya wanke ta, ta miƙa lamarin ga wanda Ya san abin da ya faru. Wannan shi ne hutun da kake tambaya a kansa. Yana zuwa ne lokacin da bawa ya daina sa ran mutane su wanke shi.

Na uku, sakayya ta zo da siffar da ta fi wadda ta roƙa. Ta yi fatan mafarki, aka ba ta ayoyi.

Na huɗu, ko a wannan ƙissa ba kowa ne ya karɓi hukuncinsa a duniya ba. An yi wa mutum uku bulala 80 ta haddin ƙazafi: Misɗahu ɗan Usasa, da Hassanu ɗan Sabit, da Hamnatu bint Jahash. Amma Ibn Ubayyu, wanda ya ɗauki babban kason laifin, malamai da yawa sun tafi a kan ba a yi masa haddi ba. Ibnul Ƙayyim ya kawo dalilan haka a Zadul Ma'ad, daga ciki akwai cewa haddi tsarkakewa ne ga mumini, shi kuwa an tanadar masa azaba mai girma a lahira. Ya ci gaba da yawonsa a Madina har ya mutu a shekara ta 9 bayan hijira. Idan ka ga wanda ya cuce ka yana walwala, ka tuna wannan.

Me ya sa ake yi wa azzalumi jinkiri?

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, cewa adalcin Allah ginshiƙi ne na aƙida. A hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri, Allah Ya sanar da cewa Ya haramta wa kansa zalunci, Ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Suratu Ibrahim, aya ta 42, ta hana a yi zaton Allah Ya gafala da aikin azzalumai, ta bayyana cewa jinkirta su Yake yi zuwa ranar da idanuwa za su firfito. Suratul Anbiya, aya ta 47, ta ambaci ma'aunan adalci na ranar alƙiyama, waɗanda ko nauyin ƙwayar komayya ba ya kuɓuce musu. A hadisin Abu Musal Ash'ari, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi ya bayyana cewa Allah Yana yi wa azzalumi talala, amma idan Ya kama shi babu kuɓuta.

Bunƙasar da ka gani a wurin abokin hamayyarka ba shaida ce a kan yana da gaskiya ba. Tana iya zama damar tuba da Allah Ya ba shi, kamar yadda Ya ba ka kai ma a kan laifuffukan da ka sani tsakaninka da Shi. Tana iya zama talala, wadda malamai suke kira istidraji. Ba kai ne za ka yanke wanne ne ba.

Ka kuma san da wane irin kuɗi ake biya a can. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya tambayi sahabbai ko sun san wane ne matsiyaci. Suka ce wanda ba shi da dirhami ba shi da kaya. Sai ya bayyana musu cewa matsiyacin wannan al'umma shi ne wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wani, ya zubar da jinin wani, ya doki wani. Za a riƙa ɗibar ladansa ana ba su, idan ya ƙare kafin a gama biya sai a ɗebo zunubansu a jibga masa. A wani hadisin na Muslim, har akuya marar ƙaho za a rama mata a kan mai ƙaho. Wanda ba Ya barin haƙƙin dabba ba zai bar jarinka da mutuncinka ba.

Rashin shaida ma ba ya halatta wa macuci abin da ya ci. A hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi ya faɗa cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, kuma wani yana iya fin wani iya tsara hujja. Duk wanda aka yanke wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa, to yankin wuta aka yanka masa. Hausawa sun ce alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi.

Haƙuri ba ya hana neman haƙƙi

A nan mutane da yawa suke kuskure, har su mayar da kalmar haƙuri abin toshe bakin wanda aka cuta. Annabi Yaƙubu da ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri shi ne ya umarci 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa, ya hana su yanke ƙauna, kamar yadda yake a aya ta 87. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana, wato yana da damar faɗin abin da aka yi masa. Hindu bint Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi a kan ƙuntata ciyarwa, bai ce ta yi giba ba, ya ba ta mafita. Khaulatu bint Sa'alaba ta yi ta jayayya a kan lamarin mijinta har Suratul Mujadala ta sauka.

Saboda haka ka je wurin shugabannin kasuwarku, ko limami, ko dattawan da yake jin nauyinsu, ko kotu. Ka tattara duk abin da zai iya zama alama: wanda ya ga an miƙa kuɗi, saƙon waya, shaidar banki. Idan ba ka da shaida, ƙa'idar shari'a ita ce kawo shaida yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Kana da damar neman a rantsar da shi. Idan ya rantse a kan ƙarya, ya ɗauki ɗaya daga cikin manyan zunubai. Haka mace da ake duka ko ake hana wa abinci, ba a ce mata ta yi shiru da sunan haƙuri. Ta kai kukanta ga waliyyanta ko alƙali, ladan haƙurinta kuma yana nan.

Iyakar da aka gindaya maka ita ce: kada ka ƙara a kan abin da ya faru, kada ka sayi shaidar zur, kada ka taɓa iyalinsa da ba su ji ba ba su gani ba, kada ka je wurin boka ko mai duba. Wanda ya je wurin boka don a rama masa ya sayar da addininsa a kan kuɗin da aka riga aka cinye.

Maganar "Allah ya isa" da yafiya

Ya halatta ka yi addu'a a kan wanda ya zalunce ka gwargwadon zaluncinsa. Lokacin da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya gargaɗe shi da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Amma kada ka wuce gona da iri, kamar roƙa masa mutuwa a kan kafirci ko tsine wa zuriyarsa.

Suratush Shura, daga aya ta 39 zuwa ta 43, ta jera matakan: ramuwa daidai da abin da aka yi halal ce, wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wurin Allah, haƙuri tare da gafartawa kuma yana cikin manyan al'amura. Yafiya falala ce, ba a tilasta maka ita, kuma kana iya yafe cin mutuncin ka ci gaba da neman kuɗinka. Ka dai duba Abubakar. Misɗahu ɗan'uwansa ne, matalauci, shi yake ciyar da shi, sai ga shi a cikin masu yaɗa ƙazafi a kan 'yarsa. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kwaɗaitar da masu falala su yafe domin Allah Ya gafarta musu, sai ya mayar masa da abin da ya saba ba shi.

Idan ka ce ka bar wa Allah, to ka bar masa da gaske. Wanda ya ce ya bar wa Allah, sannan kullum yana bibiyar ko shagon wancan ya ƙone ko ɗansa ya kwanta, wannan bai saki ba tukuna, kuma shi ne yake kwana a farke.

Abubuwan da ke kawo hutun zuciya

Na ɗaya, salla. Suratul Baƙara, aya ta 45 da ta 153, ta haɗa haƙuri da salla a matsayin abin neman taimako. Abu Dawuda ya ruwaito daga Huzaifa cewa idan wani lamari ya tsananta wa Annabi sai ya tashi ya yi salla, ya kuma ruwaito cewa yakan umarci Bilal ya tayar da salla domin su huta da ita. Daren da barci ya ƙi zuwa, maimakon juye-juye a kan gado, ka yi alwala ka yi raka'a biyu, ka faɗa wa Allah komai a cikin sujada.

Na biyu, ka gyara fahimtarka game da addu'a. Ka ce ka yi addu'a har ka gaji. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ana amsa wa bawa muddin bai yi gaggawa ba, gaggawar kuwa ita ce ya ce ya roƙa ba a amsa masa ba. A Musnad na Imam Ahmad, daga Abu Sa'idul Khudri, addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta tana samun ɗayan uku: a gaggauta abin da aka roƙa, ko a ajiye shi zuwa lahira, ko a tunkuɗe wani sharri kwatankwacinsa. Addu'o'inka na shekara uku babu wadda ta faɗi ƙasa banza.

Na uku, istirja'i tare da roƙon lada da mafi alherin abin da aka rasa. Ummu Salama ta ji wannan addu'a daga Annabi, ta yi ta lokacin da mijinta Abu Salama ya rasu, tana tunanin wa zai fi shi. Sai Allah Ya musanya mata da Manzon Allah. Muslim ne ya ruwaito. Asarar dukiya ma musiba ce, tana cikin abubuwan da aya ta 155 ta Suratul Baƙara ta lissafa.

Na huɗu, ka riƙa lissafa abin da kake samu a cikin jarrabawar. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa gajiya da ciwo da damuwa da baƙin ciki, har ƙayar da ta soki musulmi, duk ana kankare masa zunubai da su. Suratuz Zumar, aya ta 10, ta ce ladan masu haƙuri ba a yin sa da lissafi.

Na biyar, karatun Alƙur'ani da zikirin safe da maraice da na kwanciya barci. Suratur Ra'ad, aya ta 28, ta sanya natsuwar zukata a cikin ambaton Allah. Ka yawaita karanta Suratu Yusuf da fassararta, ka ga yadda rijiya da bauta da ƙazafi da kurkuku suka zama matakan da aka bi da shi zuwa inda aka nufa.

Na shida, ka rage maimaita labarin. Ka faɗe shi a inda zai yi amfani, wurin mai iya sulhu ko hukunci ko nasiha. Ba da shi a kowane zaure fama gyambo ne.

Na bakwai, ka koma neman abinci ko da da ƙaramin jari ne, ka je wurin masu binka bashi ka yi musu bayani ka nemi jinkiri. Zaman banza yana ba waswasi wuri.

Na takwas, jikinka yana da haƙƙi a kanka. Nana A'isha ta kasance tana umartar a dama talbina, wani kunu mai ruwa-ruwa na gari, ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, domin ta ji daga Annabi cewa yana hutar da zuciya, yana rage baƙin ciki. Idan rashin barci ya daɗe, ko abinci ya fita ranka, ko kana jin rayuwa ta ishe ka, ka ga likita, ka kuma sanar da wani na kusa da kai. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Tunatarwa ta ƙarshe

Ma'aunin da kake jira a auna abokin hamayyarka da shi, da shi za a auna ka. Ka bincika ko akwai mai riƙe da kai: ɗan aikin da ka tauye wa lada, matar da ka ƙuntata wa, ɗan'uwan da ka yi magana a kansa ba da sani ba. Bukhari ya ruwaito umarnin Annabi cewa duk wanda yake da haƙƙin ɗan'uwansa a kansa ya warware shi tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. Wanda ya shagala da sauke nauyin da ke kansa yakan ji nauyin da ke kan wani ya rage damunsa.

Muna roƙon Allah Ya ba mu kyakkyawan haƙuri, Ya kiyaye mu daga zaluntar wani ko a zalunce mu, Ya mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Ya sanyaya zukatan waɗanda suke cikin ƙunci.

Allah ne Mafi sani.